Ruhubanawa a Sararin Samaniya: Tarken Jigon Zaman Lafiya da Jinƙai a Littafin Walter Miller da na Lina Rather

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran da ake ginawa a kan hasashen abin da kimiyya da fasaha za su iya haifarwa nan gaba, ba su sami gurbin kirki a nazarce-nazarcenmu na adabi ba. Dalilin haka a fili yake, domin marubutanmu ba su cika rubuta irinsu ba. A Hausa, in an ɗauke Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), wanda ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin samaniya, sai an yi dogon tunani kafin a kawo na biyu. Daɗin daɗawa, akan ɗauka cewa irin waɗannan labarai na injuna ne da taurari kawai, ba ruwansu da addini ko tarbiyya ko harshe.

Wannan zato kuskure ne. Akwai wani reshe na wannan adabi da ya ɗauki ma'abuta addini ya sa su cikin kumbo ya tura su sama. Arthur C. Clarke ya yi haka a gajeren labarinsa The Star (1955), James Blish ya yi a A Case of Conscience (1958), Mary Doria Russell kuma ta yi a The Sparrow (1996). Dukkan ukun nan sun yi amfani ne da 'yan ƙungiyar Jesuit, wadda ƙungiya ce ta haƙiƙa a Cocin Katolika. Wannan maƙala kuwa za ta dubi marubuta biyu ne da suka ƙagi tasu ƙungiyar, suka ɗora mata aikin zaman lafiya da jinƙai, sannan suka gwada ta da abin da zai iya karya ta. Na farko shi ne Walter M. Miller Jr. a littafinsa A Canticle for Leibowitz (1959), ta biyu ita ce Lina Rather a Sisters of the Vast Black (2019). Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: shin wanda ya keɓe kansa don adana ilimi ko jinyar marasa lafiya, ya ce ba ruwansa da sarauta da yaƙi, hannunsa ya fita daga abin da masu sarauta suka aikata? Mai wannan nazari yana ganin tambayar ta shafi duk wani manazarci da ke tattara kalmomi da rubuce-rubucen da, yana cewa shi aikinsa adanawa ne kurum.

1.1 Matsalar Kalma

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi aiki da su. Abin da waɗannan littattafai suke magana a kai jama'a ce ta maza zalla ko mata zalla, waɗanda suka yi alwashin barin aure da mallakar dukiya, suka zauna gida ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Kalmar ɗarika ta kusa, domin tana ɗauke da ma'anar waliyyin da aka jingina wa tafarki, da wuridi, da biyayya ga shugaba. Sai dai ɗan ɗarika yana da mata da 'ya'ya da rumfa a kasuwa, saboda haka kalmar za ta ɓatar da mai karatu. Kalmar sufi ma haka take. Don haka aka zaɓi ruhubanawa, wadda ta shigo Hausa daga Larabci ta bakin masu tafsiri, aka kuma bar kalmar ƙungiya ga tsarin nasu. Matan kuwa an kira su sistoci, kamar yadda Hausawa suka saba kiran waɗanda suka gani a asibitoci da makarantun mishan.

2.0 Marubucin da Tushen Labarinsa

An haifi Miller a jihar Florida ta Amurka a 1923. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki cikin jiragen ruwan bama-bamai, yana kula da rediyo da bindigar bayan jirgi, ya kuma fita farmaki sama da sau 50 a sararin Italiya. Ɗaya daga cikin hare-haren da aka yi da shi shi ne na gidan ruhubanawa na Monte Cassino a watan Fabrairu 1944. Wannan gida Waliyyi Benedict ne ya kafa shi wajen shekarar 529, kuma yana cikin gidajen da suka riƙa kwafar littattafai da hannu a zamanin da karatu ya yi ƙaranci a Turai. An rushe shi bisa zaton sojojin Jamus suna ciki, alhali ba sa ciki a lokacin. Waɗanda suka mutu fararen hula ne da suka je neman mafaka. Bayan yaƙi Miller ya shiga Katolika. Ya fara buga labarin kashi-kashi a mujalla a 1955 da 1956 da 1957, sannan ya sake masa fasali ya zama littafi ɗaya, wanda ya ci kyautar Hugo a 1961. Bai sake fitar da wani dogon labari ba har ya kashe kansa a Janairu 1996. Ci gaban labarin da ya bari bai kammala ba, Terry Bisson ne ya ƙarasa shi aka buga a 1997.

Ba a kawo wannan tarihi don a ce rayuwar marubuci ita ce ma'anar littafinsa ba. An kawo shi ne domin mai karatu ya san cewa wanda ya rubuta labarin masu adana littattafai yana cikin waɗanda suka taɓa jefa wa irin gidansu wuta daga sama, kuma wannan nauyi ana jin sa a kusan kowane babi.

3.0 Zubin Littafin da Warwarar Jigo

An zuba littafin kashi uku, tsakanin kowane kashi da mai bi masa akwai kimanin shekara 600. Yaƙin nukiliya ya cinye duniya a ƙarni na 20. Waɗanda suka tsira suka huce haushinsu a kan masu ilimi, suka kashe malamai da masana kimiyya, suka ƙone littattafai, har suka karɓi sunan wawaye da aka zage su da shi suka mai da shi kirari. Wani injiniyan lantarki Bayahude mai suna Isaac Edward Leibowitz, wanda ya taɓa yi wa soja aikin makamai, ya fake wurin ruhubanawa, ya karɓi addininsu, ya kafa ƙungiya a hamadar kudu maso yammacin Amurka. Aikin ƙungiyar biyu ne: wasu su yi fasa-ƙwaurin littattafai su binne, wasu su haddace su. A ƙarshe aka kama shi aka kashe.

3.1 Adana Abin da Ba a Fahimta Ba

Kashi na farko shi ne ya fi cancantar manazarcin harshe ya tsaya a kansa. Wani matashin almajirin ƙungiyar, Francis, yana halwar azumi a hamada sai ya faɗa wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na zamanin da. A jikin ƙofar akwai rubutu da tsohon Ingilishi mai nuna cewa mafaka ce daga burbushin nukiliya. Francis ya ƙware a Latin, amma Ingilishin mutanen da yana ba shi wahala, musamman yadda yake jera suna bayan suna ba tare da wata alamar da za ta nuna wanne ke bayyana wanne ba. Ga shi kuma a al'adar zamaninsa kalmar da ke nufin burbushin nukiliya ta riga ta zama sunan wani dodo. Saboda haka sai ya karanta rubutun a matsayin gidan da dodanni suke fakewa, ya kusa suma don tsoro. Duk wanda ya taɓa koyar da fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya san wannan rami. Hausa tana tilasta wa mai magana ya sa mahaɗi ya nuna mallaka ko dangantaka, Ingilishi kuwa yakan tara sunaye uku ko huɗu ya bar mai karatu da hasashe. Miller ya ɗauki wannan ƙaramar matsalar nahawu ya gina raha a kanta, amma a ƙarƙashin rahar akwai magana mai nauyi: kalma tana iya rayuwa bayan abin da take nufi ya mutu, ta koma ɗaukar wani kaya dabam. Haka sunan ƙauyen da ke kusa da gidan, Sanly Bowitts, ba komai ba ne illa sunan Waliyyi Leibowitz da harsuna suka tauna har ya sake kama.

A cikin ɗakin Francis ya sami akwati mai ɗauke da takardun Leibowitz: jerin cefanen da zai kai gida, da taswirar wata na'urar lantarki. Nan take cefane ya zama kayan tabarruki. Taswirar kuwa irin wadda ake bugawa ce da fararen layuka a kan shuɗiyar takarda, kuma masu kwafa sun daɗe suna ɓarnar tawada wajen cike shafi gaba ɗaya don su bar fararen layuka, suna zaton launin yana cikin ma'anar. Francis ne ya gano cewa launin sakamakon hanyar bugu ne kawai. Amma shi ma bai san abin da taswirar take nufi ba. Ya kwashe shekara 15 yana yi mata kwafi mai zayyana da ruwan zinari. A hanyarsa ta kai wa Fafaroma, 'yan fashi suka ƙwace mai zayyanar, suka bar masa ta ainihi don sun ga tsohuwar takarda ce marar amfani. A hanyar komowa aka harbe shi da kibiya, ungulaye suka yi ta shawagi.

A nan ne gwanintar Miller ta fi fitowa, domin bai yarda mai karatu ya zauna a gefe ɗaya ba. Da farko za ka yi wa Francis dariya. Daga baya sai ka lura cewa kwafin da ya ɓata rayuwarsa a kai shi ne ya fanshi takardar ainihi daga hannun ɓarayi. Wato aikin da ba a fahimci dalilinsa ba ya yi amfani ta hanyar da mai yin sa bai taɓa zato ba. Wannan ba tatsuniya ba ce kawai. A 2012 da 2013 an ga yadda masu ɗakunan littattafai na Timbuktu suka riƙa fitar da rubuce-rubucen kakanninsu a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako, kuma ba kowane mai ɗaukar akwati ne ya iya karanta abin da ke ciki ba.

3.2 Ilimi da Sarauta

Kashi na biyu yana faruwa a shekarar 3174. Ilimi ya fara farfaɗowa, kuma wani masani da ba ruwansa da addini, Thon Taddeo, ya zo gidan don ya duba takardun. Taddeo ɗan'uwan Hannegan ne, mai mulkin Texarkana, wanda ke shirin cinye maƙwabtansa da yaƙi da makirci. Don a haskaka wa baƙon ɗakin karatu, wani ɗan ƙungiya mai suna Kornhoer ya ƙera fitilar lantarki, almajirai suna juya mata inji da ƙarfinsu, kuma sai da aka sauke gicciye daga bango kafin a sami wurin rataye ta. Alamar ta yi ƙarara da yawa, kuma wannan yana cikin wuraren da marubucin ya danna alƙalami fiye da kima. Abin da ya fi armashi shi ne kuskuren da Taddeo ya yi. Ya sami wani guntun rubutu da ke cewa wata halitta ta ƙera bayi masu kama da ita, bayin suka yi tawaye, sai ya gina ra'ayin cewa mutanen zamaninsa zuriyar waɗannan bayi ne, ba su ne suka ƙone duniya ba. Ruhubanawan suka nuna masa cewa guntun daga wasan kwaikwayo yake. Babban masani ya kasa bambance ƙagaggen labari da tarihi, kuma ya kasa ne domin ra'ayin ya yi masa daɗi: in ba kakanninsa ne suka yi laifin ba, to ba shi da abin tsoro. Francis ya yi kuskuren karatu saboda tsoro, Taddeo ya yi nasa saboda son rai, kuma littafin ya nuna na biyun ya fi haɗari.

Muhawarar da aka yi tsakanin Taddeo da shugaban gidan, Dom Paulo, ita ce zuciyar jigon. Paulo yana tambaya wa zai riƙe linzamin ƙarfin da ilimi zai haifar. Taddeo yana amsawa cewa shi ba zai iya ja da ɗan'uwansa ba, domin da kuɗinsa makarantarsu take tafiya, kuma in aka ce sai duniya ta gyaru za a yi bincike, to ba za a taɓa yi ba. Miller bai mai da Taddeo mugu ba. Da ya gano hafsoshin da suka rako shi suna zana taswirar ganuwar gidan don amfanin soja, ya karɓe zanen ya miƙa wa Paulo. Mutum ne mai kirki a ƙananan abubuwa, mai wanke hannu a manya.

Sai dai akwai tambayar da littafin ya taɓo bai ƙarasa ba, kuma a ganin mai wannan nazari nan ne rauninsa na farko. Idan Taddeo yana da laifi don ya miƙa iliminsa ga azzalumi, ina matsayin waɗanda suka yi shekara 1,200 suna gadin wannan ilimi, sannan suka buɗe masa ƙofa alhali sun san ko ɗan'uwan wane ne? Paulo yana ganin aikinsu adanawa ne, amfani da shi kuwa alhakin wasu ne. Wannan ai ita ce hujjar Taddeo, an sauya mata riga kawai. Zaman lafiyar ƙungiyar Leibowitz na wanda ba ya ɗaukar makami ne, ba na wanda ke shiga tsakani ya raba faɗa ba. Suna wa'azi, suna ba da mafaka, suna koyar da yaran ƙauye karatu, amma a tsawon littafin ba a ga sun hana yaƙi ko ɗaya ba. Marubucin ya san da haka, ya kuma bar ungulaye su rufe wannan kashi kamar yadda suka rufe na farko, amma tausayinsa ga ruhubanawan ya hana shi matsa musu da tambaya kamar yadda ya matsa wa masanin.

3.3 Jinƙai Iri Biyu

A shekarar 3781 duniya ta koma inda ta fito. Akwai kumbuna, akwai matsugunan mutane a wasu taurari, akwai kuma manyan dauloli biyu da ke nuna wa juna makaman nukiliya. Kashin ya buɗe da raha: shugaban gidan na lokacin, Dom Zerchi, yana kokawa da wata na'urar fassara da ya kamata ta ɗauki maganarsa ta juya ta zuwa wani harshe, amma sai shirme take fitarwa. An rubuta wannan a lokacin da fassarar inji take jaririya. Mai karatu na yau, wanda ya ga abin da irin waɗannan na'urori suke yi wa karin maganar Hausa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Bayan an jefa bam a Texarkana, 'yan gudun hijira suka cika gidan. Wani likitan ƙungiyar agaji, Dokta Cors, ya nemi izinin duba waɗanda tururin nukiliya ya kama a farfajiyar gidan. Dokar ƙasa ta yarda a ba wanda ba shi da sauran fatan warkewa takardar zuwa sansanin da za a ɗauke masa rai ba tare da azaba ba. Zerchi ya yarda da sharaɗin kada likitan ya ba kowa wannan shawara a cikin gidansa. Cors ya yi alkawari, sannan ya karya shi a kan wata matashiya da 'yar jaririyarta, ya kuma zo da kansa ya faɗa. Zerchi ya bi matar da roƙo da wa'azi da umurni, har ya ba ta labarin kyanwarsa da ya taɓa kashewa yana yaro don ya hutar da ita, da yadda abin ya tsaya masa a rai. Ba ta saurare shi ba. Da takaici ya ci shi, sai ya kai wa likitan naushi a fuska, shi da yake shugaban masu zaman lafiya.

Ga mutum biyu, kowanne yana ganin shi ne mai jinƙai. Wurin Cors ciwo shi ne sharrin da ya sani, kuma rage shi ne aikinsa. Wurin Zerchi rai amana ce, ba na mutum ba ne balle na hukuma, kuma gwamnatin da ta tanadi sansanin kisa tun kafin yaƙi ta riga ta amince da laifin da za ta aikata. Miller yana bayan Zerchi, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ya yi adalcin da marubutan wa'azi ba su cika yi ba: da bam na biyu ya sauka, ya danne Zerchi ƙarƙashin duwatsun cocinsa, ya sa shi ya ɗanɗani azabar da ya ce wa matar ta jure. A nan kusa da shi ya ga wani ƙoƙon kai da guntun kibiya a goshi, mai karatu kuwa ya san na Francis ne. Abin da ya rage wa wannan fage ƙarfi shi ne ita matar. Ba ta da tarihi, maganarta kaɗan ce, fili ce kawai da maza biyu suke kokawa a kai. Mata dai kusan babu su a kashi biyu na farko, kuma wadda ta fi fitowa a na uku ita ce Uwargida Grales, tsohuwa mai sayar da tumatir mai kai biyu, wadda kanta na biyu, Rachel, ya farka a ƙarshe a matsayin halitta marar zunubi. Wato mace a littafin ko dai abar tausayi ce ko alama.

Ana cikin haka ne ƙungiyar ta zama ta 'yan sama jannati. Coci ta daɗe da shirin ko-ta-kwana, saboda haka aka tara 'yan ƙungiyar da suka taɓa aikin kumbo ƙarƙashin wani mai suna Joshua, aka haɗa su da yara da sistoci da bishop-bishop, aka ɗora musu hotunan takardun nan, suka nufi matsugunin da ke wajen taurarin Centauri. Na ƙarshen shiga ya kakkaɓe ƙurar takalmansa. Wasu manazarta suna karanta wannan a matsayin fata nagari. Amma abin da ke cikin kumbon shi ne ainihin ilimin da ya ƙone duniya sau biyu, masu ɗauke da shi kuma ba su sauya ra'ayinsu game da aikinsu ba ko kaɗan.

4.0 Sistocin Waliyyiya Rita

Shekara 60 bayan Miller, Lina Rather ta ɗauko zaren daga inda ya ajiye. Littafinta gajere ne, bai kai shafi 200 ba, kuma ya fara ne a sama, ba a ƙasa ba. Ƙungiyar tata ta mata ce, an jingina ta ga Rita ta garin Cascia a Italiya, wadda ta rasu a 1457 aka kuma ayyana ta waliyyiya a 1900. Zaɓin sunan ba a banza ba ne, domin an san Rita da sulhunta danginta da waɗanda suka kashe mijinta, ana kuma neman addu'arta a kan al'amuran da aka fid da rai. Sistocin suna yawo tsakanin ƙananan matsugunai masu nisa da duniya, suna jinya, suna sa albarka a aure da haihuwa. Abin hawansu halitta ce mai rai, mai kama da ƙaton dodon koɗi marar ƙoƙo, wadda aka tsarkake ta zama gidan ibada. Labarin ya buɗe da sistocin suna gardama ko ya halatta a bar wannan halitta ta je ga abokin barbara da ta ƙwallafa rai a kansa. Gardamar tana da ban dariya, amma da ita marubuciyar ta shigo da batun da zai bi kowace tauraruwa a littafin, wato iyakar alwashi da abin da zuciya take so.

Bambancin farko da Miller shi ne jinƙai a nan aiki ne na hannu, ba muhawara ba. Na biyu shi ne taurarin ba su zo da zuciya ɗaya ba. Sista Faustina, mai kula da sadarwa, ta shiga ƙungiyar ne don neman mafita daga wahala, imaninta kuma ba shi da ƙarfi, amma ita ce mafi tsayuwa a kan gaskiya. Sista Gemma, mai kula da lafiyar abin hawan, soyayya tana janye ta daga alwashinta. Uwar gidan kuwa ta yi shekaru ba ta furta kalma ba, da hannu take magana, a bayan shirunta akwai tsohuwar alaƙa da waɗanda suka jagoranci yaƙin da ya ɗaiɗaita matsugunan, ga tsufa ya fara cin tunaninta. Wannan shiru ya fi dukkan Latin ɗin Miller nuna nauyin laifi, domin mai karatu ya daɗe yana ɗaukarsa tsoron Allah kafin ya gane akwai ɓuya a ciki. Ita ce Leibowitz na wannan littafi, sai dai ba a bari tarihi ya wanke ta ya mai da ita gunkin katako ba.

Da gwamnatin duniya ta so maido da ikonta a kan matsugunan, ta bi ta hannun Coci, aka turo wa sistocin wani matashin fada ya zauna a kansu. Sai annoba ta ɓarke a wani sabon matsuguni da suka taɓa ziyarta, aka kuma gano da hannun hukuma a ciki. A nan tambayar da Dom Paulo ya kauce mata ta tare su: biyayya ko jinya. Suka zaɓi jinya, suka rasa abin hawansu da inuwar Coci, kuma littafi na biyu, Sisters of the Forsaken Stars (2022), ya same su a matsayin waɗanda ake nema ruwa a jallo. Wannan amsa ta fi ta Miller gamsar da zuciya, amma an same ta da araha. Hukumar da ke baza cuta da gangan ba ta bar wa kowa shakka ba, fadan da aka turo kuma bai kai ya tsaya gaban sistocin da hujja ba. Babu wani Dokta Cors a nan, wato abokin hamayya mai gaskiya wanda zai sa mai karatu ya kwana yana juyayi. Gajartar littafin ma ta sa an warware maganin annobar da sauri fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Wanda zai juya wannan littafi zuwa Hausa zai ci karo da matsalar da Ingilishi bai sani ba tun a shafin farko. Jirgi namiji ne a nahawunmu, haka ma kumbo, ga shi abin hawan sistocin mace ce mai neman namiji, an kuma raɗa mata suna daga laƙabin Maryamu. In mai fassara ya ce jirgin ya yi, ya kashe gardamar da aka buɗe labarin da ita. In ya ce jirgin ta yi, kunnen Bahaushe zai ƙi. Mafitar da ta fi kusa ita ce a riƙa kiranta da sunanta ko a ce halittar, a bar kalmar jirgi ga matattun jiragen ƙarfe da sauran matafiya suke hawa, tun da littafin kansa ya raba iri biyun.